Ranar da Aji Biyu Suka Ajiye Sarewa

Wayyo, ku bari in sha iska, da gudu na dawo! Yau 'yan aji biyu sun yi wa hedimasta tawaye, kuma ba ji na yi ba, ina maƙale a taga tun farko.

Mai shagon kayan kiɗa ne ya zo da kwali biyu na sarewa, irin mai ramuka a gaba da rami guda a baya na babban yatsa. Za a zaɓi wadda 'yan ajin za su riƙa koyo da ita tare. Kwali ɗaya na katako ne, dogaye, sai ƙyalli suke. Ɗayan ƙanana ne na roba, ko buɗe shi bai yi ba, da ƙafa ya tura shi ƙarƙashin tebur.

Hedimasta na shigowa kowa ya miƙe. Har wata tsohuwa mai shuɗin mayafi da ke zaune a bencin gaba ta dafa gwiwa ta tashi. Mai shago ya rusuna: "A'a Hajiya, zauna abinki." Shi a ransa ya gama yankewa, ko mai makarantar ce ko uwar mai makarantar.

Hedimasta na ganin na katako ya mace a kansu. Wai su za su yi kyau a hoto. Malamar kiɗa ta buɗe baki, ya kalle ta, ta rufe. Sabuwa ce, ba ta son abin da zai taɓa mata aiki.

Aka raba, aka ce a busa. Ku zo ku ji! Kamar an taka wutsiyar kyanwoyin unguwa gaba ɗaya. Ramukan sun yi nisa da juna, in yaro ya toshe na sama sai na ƙasa ya buɗe. Ƙwaya, wadda ta fi kowa ƙanƙanta a ajin, ta miƙa ƙaramin yatsanta har tana cije leɓe, bai kai ba.

"Da sauƙi," in ji hedimasta. "Masu dogayen yatsu su busa. Sauran su koma baya su riƙa tafi."

Idon Ƙwaya ya cika taf. Yarinyar da tun farkon zango take busa murfin biro tana jiran yau!

Sai tsohuwa ta ɗaga hannu. Ba wanda ya ba ta izini, ta yi maganarta.

"Ranka ya daɗe, tafi ai ko a gida ana yi. Takalmi ake gwadawa a ƙafa, ba a sare ƙafa don takalmi. A buɗe wancan kwalin."

Mai shago ya yi 'yar dariya. "Hajiya, na roba ai na wasan yara ne."

"To su waɗannan sojoji ne? Katakon nan in ya faɗi ya tsage, in an wanke ya kumbura. Su kuwa yawu gare su kamar famfo."

Aji ya ɗauki dariya. Ta ɗauki ta katako, ta shimfiɗa yatsunta da sanyi ya ƙage, ta busa, ta yi ƙiiii.

"Ga shi ni ma ban kai ba. Ni ma tafin zan yi?"

"Iya, ki zauna. Na gama magana," in ji hedimasta. Ya fara nuni: "Kai, kai, ke, ku fito gaba."

Dogo aka fara nunawa, mai yatsu kamar sanda. Ya kalli tsohuwa. Ita ko ta ajiye sarewa a kan benci, ƙwas, ta harɗe hannu. Dogo ya ajiye tasa. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Kafin ka ce me, babu mai riƙe da komai.

"Ko duka, ko babu kowa," ta ce.

Jijiyar wuyan hedimasta ta tashi. "Iya, kada ki ƙure ni. Zan kira ɗanki!"

"Kira shi mana. Ni na goya shi."

Mai shago na jin an ambaci ɗa, ya sake lissafi. Wa ya san ko wani ƙusa ne? Da kansa ya durƙusa ya jawo kwalin na roba. Malamar kiɗa ma tsoro ya sake ta. Ta raba wa kowa iri ɗaya, ta ce in an gauraya iri sauti faɗa yake yi. Ta murɗa gindin sarewar Ƙwaya, ramin ƙarshe ya zo daidai ƙaramin yatsanta.

Ƙwaya ta toshe duka. Ta busa a hankali. Sauti ya fito siriri, tas, babu ko ƙiiii. Sauran suka bi ta, murya ɗaya. Ni da ke taga sai da tsikar jikina ta tashi.

Hedimasta ya nufi hanyar fita. "A bar na robar," ya ce. A bakin ƙofa ya juyo. "Amma laifi laifi ne. Gobe da safe ɗanki ya same ni a ofis."

Mai shago yana tattara katakonsa ya matso a ladabce. "Hajiya, shi ɗan naki a wace ma'aikata yake?"

"Tela ne," ta ce, tana goge bakin sarewar da gefen mayafi.

Yanzu haka Baba na can yana guge riga yana tsaki, don gobe zai tsaya gaban hedimasta amsa laifin uwarsa: kakata ce, bana ta shiga makaranta, kuma ita ce monitar aji biyu.