Fitilar Babur Ɗin Sanni

Ana idar da la'asar Sanni ya fito daga masallaci, ya haye babur. Makullin ya ɗan yi gardama kafin ya juya. Ya danna fitila don ya gwada, ko ƙyalli babu. Jiya jiyan nan aka gyara ta!

Bai tsaya ko'ina ba sai rumfar Brimah, mai gyaran wayar babur da ke cika baki cewa duk garin Asokore Mampong babu wayar da ta taɓa gagarar sa.

"Masta, aikin banza ka yi mini! Wallahi yau duk 'yan okada sai sun ji sunanka."

Brimah ya haɗiye fushi, don da 'yan okada yake cin abinci. Ya duba fiyus, lafiya. Ya ɗora ƙwan fitilar a batir, ya kama tar. Sai ya kwance kan babur ɗin, ya ci karo da wayoyi an murɗe su kamar taliya, an naɗe da jan salatif.

"Chale, abokina, wannan ba hannuna ba ne. Ni baƙin salatif nake sawa. Wurin wani ka kai a unguwar Krofrom, ya ɓata, ka zo ka shafa mini!"

"Ni? Ƙarya kake!"

Mutane suka fara taruwa. Mai kifin da ke gefe ta bar kaskonta a wuta ta matso. Brimah ya ga sunansa na shirin zubewa a gaban jama'a, sai ya ɗauki filaya. Ya tsinke jan salatif, ya datse wayar hon, ya zaro ta sigina, ya fizge tankin mai ya ajiye a ƙasa. Kowace waya sai ya ɗaga ta sama ya nuna wa mutane kafin ya jefar.

"Ku gani da idonku! Wannan aikin jaki ne!"

Sanni na ihu, Brimah na yanka, har babur ya koma ƙashi da taya.

A nan ne aka dare hanya. Alfa Idirisu, limamin masallacin, ya shigo gumi sharkaf, yana tura wani baƙin babur mai kama da wancan sak, fitilarsa na ci tar tun rana ba ta faɗi ba.

"Sanni, ga naka da ka bari a ƙofar masallaci. Ina nawa?"