Takardar Awon Zuciya

Likita ta shimfiɗa takardun awon zuciya biyu a kan tebur. Dattijon ya ƙanƙame hularsa, yana jin bugun ƙirjinsa har cikin kunne.

Kwana tara ke nan da wani ɗakin gwaji a Doka ya ba shi takarda mai cewa zanen bugun zuciyarsa ya sauya. Bai jira bayani ba. Ya bar wasiyya, ya bi dangi yana neman gafara, har ya taka Rigasa ya durƙusa gaban yayansa, wanda suka shekara goma sha ɗaya ba sa ga maciji saboda gidan gado. Yayan ne ma ya rako shi yau, yana zaune a waje.

"Baba, dubi wannan ɗan tudun, shi muke kira T," in ji likita. "Ya ɗan kwanta, amma bai nuna wata cuta takamaimai ba. Hawan jini kan jawo haka, ko fargaba. Gwajin jininka lafiya lau. Ga kuma awon da ka yi kafin Hajjinka, iri ɗaya ne. Haka zuciyarka take tun can. Ba sai ka sake dawowa ba."

Da ya fito, yayan ya miƙe da sandarsa.

"Me ta ce?"

Dattijon ya dubi hannun yayan da ya riƙe masa gefen riga, ya ninke takardar a hankali.

"Ta ce in riƙa zuwa duk Litinin, Yaya. Kuma kada in zo ni kaɗai."