Kar Ki Motsa

"Ƙwayoyin da ido ba ya gani, wa ke ce musu kar su motsa?" in ji Baba, a shagonsa na ɗaukar hoto a Fagge. Bai amince in tafi Jamus bincike ba tukuna.

"Motsin muke nema, Baba. Na'urar haske ce da ake kira lesa, mai irin hasken hoton ƙashi. Walƙiya ɗaya, ta ɗauki hoton furotin, wato ƙwayar sinadarin gina jiki, yana cikin aiki kafin hasken ya tarwatsa shi."

"Kuma ya fito?"

"Tar."

Ya jawo durowa, ya zaro hoton marigayiya Inna tana ƙyalƙyala dariya, fuskarta dishi-dishi.

"Je ki koyo," ya ce. "Ni duk hotonta da ya fito, sai da na hana ta dariya."