Katako a Ƙarƙashin Totur

Yau wata biyar ke nan babu mai shigo mini gida da ƙanshin baƙin mai. Maigidana Malam ya rasu. Shekara talatin da ɗaya yana aikin kanikanci a Jos, ni kuwa iyakar sanina da mota in shiga in zauna. Amma akwai wani misali da ya taɓa ba ni, wanda tun da na fita takaba nake juya shi a raina. Ranar na yi masa ƙorafi ne cewa ya takura wa babban ɗanmu, ga shi da mata da ɗa, amma ya hana shi gwada motocin mutane a babban titi. Bai yi musu da ni ba. Ya wanke hannu, ya zauna, ya ce in saurara.

Ya ce wani mutum ne ya gaji tsohuwar mota daga mahaifinsa, ja, mai ƙofa biyu da kujera biyu, irin wadda aka ƙera don gudu. Tun yana saurayi uban ya miƙa masa makullinta. Abin da ke ci masa rai shi ne, a jikin maleji an rubuta har ɗari biyu, amma ko ya taka totur iya ƙarfinsa allurar ba ta wuce tamanin. Motocin haya ma wuce shi suke yi, direbobi na leƙowa suna ce masa, “Alhaji, a tura ne?” Da uban ya rasu, sai ya ɗaura aniyar ƙara mata ƙarfi. Bakanike na farko ya faɗaɗa injin ya sa manyan fistin. Na biyu ya cire kafireto ɗaya ya ɗora biyu. Na uku ya canza salansa, har in an tayar da ita kajin unguwa sai sun watse. Kuka dai ya ƙaru, amma gudun bai taka kara ya karya ba. Kowa ya rasa gane kanta, don duk wanda aka kai wa, murfin inji yake fara buɗewa.

Daga ƙarshe aka kwatanta masa wani tsohon bakanike. Shi ko murfin bai taɓa ba. Ya sa mai motar ya taka totur, shi kuma ya tsuguna yana kallon ƙafarsa. Sannan ya kwanta rigingine, ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, ya ɗaga shimfiɗar ƙasan motar. Sai ga guntun katako mai kaurin yatsa uku, an ɗaure shi da ƙusoshi daidai inda totur ke sauka. Shekara ashirin mutumin yana zaton ƙasa yake kaiwa, ashe rabi yake takawa. Ya duƙa ya duba, ya ga koren fenti a gefen katakon, irin na tsohon ƙyauren gidansu. Nan ya tuna, ana jibi za a ba shi makulli, motar ta wuni a wurin kafinta, har ya yi ta mamakin me mota ke nema a wurin kafinta.

Tsohon ya ce masa, “Cirewa ba wuya, minti biyu ne. Amma wanda ya sa wannan, don ƙaramin inji ya sa shi. Yanzu ka ninka ƙarfin, birki kuwa da tayoyi na nan yadda ya bar su. In na cire yau, ka fara yin sallama da iyali kafin ka hau titi.” Mutumin ya amince. Ya bar motar wata guda aka sake birki, aka sake tayoyi, aka ƙarfafa ƙafafunta. Ranar da aka gama, tsohon ya miƙa masa abin kwance ƙusa ya ce ya cire da hannunsa. Ya karɓa, ya durƙusa, ya daɗe yana shafa koren fentin. Sai ya mayar da shimfiɗar ya rufe.

Na tambayi Malam, to me ya sa ya sha wahalar gyaran birki in ba zai cire ba? Ya yi dariya ya ce, “Ke ma kin tambaya. Ni ma ban sani ba.” Na ce ko shi ne tsohon bakaniken? Ya ce in zubo masa tuwo.

Har yau ina son sanin amsar. Abin da na gane dai, uban nan ya ga abin da ɗan bai gani ba sai bayan shekara ashirin. Gaskiyar Hausawa ce da suka ce, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Yanzu garejin yana hannun ɗanmu. Jiya na ji an ce ya fita gwajin mota hanyar Bauchi, kuma uban da ke tare masa ƙafa ba ya nan. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya taya ni roƙo. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa. Shi kuma wannan da ya bar mini, Allah ya sa masa katako a ƙarƙashin ƙafa, ya dawo mini da shi gida lafiya. Amin.