Akuyar Dibora daga Sama

Wai mutum ba zai ƙara zama a inuwar mangwaro ya sha iska ba, sai wani abu ya zo yana ƙugi a saman kansa. Abin da Ephraim ke ta nanatawa a ransa ke nan tun da aka miƙo masa hoton a kotu.

Seth mai hoton biki ne ya ɗauka da ƙaramin jirginsa mara matuƙi, ranar wani aure a Mugulbu. Ga gidan Tina mai burkutu, tsaf daga sama. Ga akuyar Dibora, farar nan mai ciki, ɗaure bayan tukwane, alhali Tina ta rantse ba ta taɓa ganinta ba. Can gefe kuma, a kan benci, ga wani sanƙo yana ƙyalli kusa da ƙwarya.

Ephraim ya san sanƙon nan, nasa ne. Dattijon coci ne, shi ke yi wa matasa faɗa kan sha, kuma matarsa Dorathy tana zaune a layi na biyu, ta zo raka Dibora. Akuyar ma ya san ta, shi ya miƙa mata dusa da hannunsa ranar.

Barista Juwairiya, lauyar Tina, ta miƙe. Ta ce yaron ba shi da izinin tada jirgi, ya leƙa gidan mutane ta saman katanga, kuma babu shaidar cewa ba a taɓa hoton ba.

"To a sa shi a babban allo mana," in ji Dibora, tana kallon lauyar. "Kowa ya gani. Ni akuyata nake so, Mama, ba Turanci ba."

Aka yi dariya. Ephraim bai yi ba. In aka karɓi hoton, sai an faɗaɗa shi, Dorathy kuwa ko a duhu ta san ƙeyar mijinta. In aka ƙi, Dibora ta koma gida da igiya kawai, domin ba ta da wata shaida.

Ya kifa hoton a kan tebur. Ya kasa duban layi na biyu, ya kasa duban Dibora.

Kowa a kotun ya zuba masa ido.

"Na saurari ɓangarorin biyu," in ji Mai Shari'a Ephraim, murya can ƙasa. "Kotu ba ta karɓi hoton nan ba."