Zoben Mahauci da Darar Majemi

Ka ce ka gaji da yin takara da masu maguɗi, to bari in ba ka misali. A wani gari an yi wani mahauci da ya samo zoben tagulla a hannun wani boka. In ya zauna dara sai ya riƙa yawo da hannu a kan 'ya'yan dararsa, duk wanda ya dace a ɗaga, zoben sai ya matse masa yatsa. Da haka ya kwashe duk gwanayen yankin, ragon gasar da ake yi bayan girbi ya zama nasa kowace shekara. Mutane suka gane akwai wani abu, suka daina zama da shi, ban da wani majemi. Kowace ranar kasuwa majemin zai wanke hannu ya zo ya zauna, a lallasa shi, 'yan kallo su yi dariya. In ya koma gida sai ya haƙa gurabe a bakin majemarsa, ya maimaita wasan da kara da tsakuwa har ya gano inda aka kama shi. Abokansa suka ce ya nemi nasa asirin ko ya haƙura. Ya ce, "Zoben nan shi ne malamina, kuma bai taɓa karɓar ko sisina ba."

Shekaru suka tura. Majemi ya haddace tarkunan zoben ɗaya bayan ɗaya, wasan da a da ake gamawa kafin a sha ruwa ya koma kai su har la'asar. Mahauci kuwa ya daɗe da daina tunani, yatsarsa kawai yake saurare. Ranar wata gasa, gaban jama'ar garuruwa, majemi ya toshe kowace kafa tun daga lokacin kasa 'ya'yan dara a gurabe. Mahauci ya ɗora hannu kan wannan, zobe shiru. Ya matsa kan wancan, shiru, domin babu sauran ɗagawar da za ta cece shi. Ya duba guraben da idonsa, ya tarar ko wasan yara ba zai iya karantawa ba. Majemi ya cinye shi ɗaya ɗaya, ya kaɗe rigarsa, ya ja ragon zuwa gida.

Shi ya sa Hausawa suka ce, mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.