Jarfa Uku a Haɓa

Si Lutfi ya janye kafet ɗin da kansa, baƙi suka miƙe da kofunan shayi a hannu.

A unguwar Kartaj, gidan da ba shi da guntun kayan tarihin Rumawa ba a sa shi cikin gidaje. Wani yana da ginshiƙi, wani kan gunki mai karyayyen hanci. Dangin da suka zo neman auren 'yarsa Sirin ginshiƙai huɗu ne a lambunsu, kuma tuni suka fara tambayar asalin Lutfi.

Nasa kayan tarihin daɓe ne a ƙarƙashin kafet ɗin, na ƙananan duwatsu masu launi: fuskar mace, da zangarniyar alkama a ka.

"Wajen haƙa harsashin gidan muka same ta," ya ce. "Shekara dubu da ɗari takwas."

Ya zagaya ta gefe, kamar kullum. Bai taɓa taka ta ba.

Kawun saurayin, Si Ra'uf, tsohon malamin tarihi, ya durƙusa da ƙyar, ya daɗe yana shafa duwatsun. Lutfi ya tura hannuwansa aljihu. Yatsun duk tsohon tabo ne, wanda yake cewa igiyar jirgin shaƙatawa ce ta yi masa.

"Aiki mai kyau," in ji tsohon. "Sai dai, Si Lutfi, wannan jarfa uku a haɓarta fa? Matan Rum ba sa yi. Ta matan ƙauyukan El Jem ce, masu tallar ƙwai."

Sirin ta dubi mahaifinta.

"Ai ba matar manya ba ce," Lutfi ya ji bakinsa yana faɗa. "Baiwa ce. 'Yar ƙasa, mai yi musu wanke-wanke."

Si Ra'uf ya yi dariya. "Ka ji baiwa mai sa'a, ta fi mu wurin kwana."

Kowa ya dara. Uwar saurayin ta taka fuskar ta wuce, tsinin takalminta a kan kuncin. Aka zauna, aka karanta Fatiha.

Da la'asar, bayan sun tafi, Lutfi ya kawo ruwa da tsumma, ya durƙusa yana goge sawun. Ya kasa kallon idanun. Wata bakwai ya yi yana fasa duwatsun nan yana jerawa da hannunsa, sana'ar da ya baro a El Jem, domin har mahaifiyarsa, mai wannan fuskar, ta rasu ba a taɓa ɗaukarta hoto ba.